Daga Gubar Yaƙi Zuwa Irin Shuka: Tarihin Rikiɗa Waken Mung da Sinadarai

Gabatarwa

Tun ran da ɗan Adam ya fara noma yake zaɓen iri. Manomi yakan duba gonarsa da kaka, ya ware zangarniyar da ta fi cika ko kwanson da ya fi ƙwaya, ya adana domin shukar baɗi. Wannan zaɓe kuwa ba ya yiwuwa sai akwai bambanci tsakanin shuka da 'yar'uwarta, domin in duk abin da ke gonar iri ɗaya ne, to, babu abin zaɓa. Shekaru dubbai manoma suna jiran irin wannan bambanci ya faɗo da kansa. Sai a cikin ƙarni na 20 masana suka gano dabarar gaggauta shi, da fari ta hanyar haske mai ratsa jiki, daga baya kuma ta hanyar sinadarai masu guba.

Wannan lacca za ta bi tarihin hanya ta biyun, watau ta sinadarai, sa'an nan ta duba abin da ta haifar a kan shuka guda, waken mung, wanda miliyoyin talakawan Asiya suke ci. Abin da tarihin ke nunawa shi ne, iyakar aikin sinadari ya yawaita sa'a. Abin da ke mai da sa'ar nan ta zama iri a hannun manomi kuwa shi ne haƙurin mai zaɓe, da ɗorewar cibiyar bincike, da musayar iri tsakanin ƙasashe.

Waken mung da matsalolinsa

Waken mung ɗan ƙaramin wake ne, kore, ƙwayarsa ba ta fi ta dawa girma sosai ba. Masana ilmin tsirrai suna kiransa Vigna radiata, watau dangi ɗaya ne da waken da ake nomawa a ƙasar Hausa, wanda suke kira Vigna unguiculata. Dukansu biyu suna da zaren gado, watau kuromosom, guda 22 a cikin kowace ƙwayar halitta. A ƙasar Indiya aka fara noma shi, kuma masu tona kufai sun sami ƙwayoyinsa waɗanda suka haura shekara 3,000. Daga can ya bazu zuwa Sin da kudu maso gabashin Asiya, ya kuma tsallaka teku zuwa gabashin Afirka, inda mutanen Kenya ke ce masa ndengu, na Tanzaniya kuma choroko. Indiya ce kan gaba wajen noma shi, ƙasar Miyanma da ta Sin suna biye da ita.

Darajarsa ga talaka a fili take. Kusan rubu'in nauyin ƙwayarsa furotin ne, watau abinci mai gina jiki, ga shi da sauƙin narkewa a ciki. Indiyawa da Pakistanawa suna ɓare shi su yi miyar da suke kira dal, mutanen Sin kuma sukan tsirar da shi su ci tsiron, ko su yi taliya da garinsa. Kamar sauran danginsa, saiwarsa tana tara naitirojin daga iska, saboda haka yakan bar ƙasa da ɗan ƙarfi ga shukar da za ta biyo baya.

Amma tsofaffin ire-irensa suna da aibobi masu yawa. Sukan ɗauki wata uku ko fiye kafin su nuna. Ba sa nuna gaba ɗaya, sai an yi roro sau uku ko huɗu, kwanson da aka yi jinkirin ɗauka kuwa ya fashe ya zubar da ƙwaya a ƙasa. Ƙwayar ƙanana ce, amfanin kuma kaɗan. Daɗin daɗawa, ga wata cuta mai sa ganye ya yi dabbare-dabbaren rawaya, wadda wani masani mai suna Nariani ya fara bayyana ta a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Indiya da ke Delhi a 1960. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, wani ɗan farin ƙuda kuma ke yaɗa ta daga shuka zuwa shuka, kuma in ta kama gona tun shuka tana ƙarama, ana iya tashi ba ko mudu ɗaya.

Akwai kuma wata matsala ta daban ga mai renon iri. Furen waken mung yana barbarar kansa ne tun kafin ya buɗe sosai, don haka kowane iri yakan tsaya kan halinsa, bambanci ya yi ƙaranci. Furen ga shi ƙarami, mai saurin kaɗewa, haɗa aure tsakanin iri biyu da hannu aiki ne mai wuya. Wannan ya sa waken mung ya shiga cikin shukokin da masana suka fi sa ran rikiɗa za ta taimaka wa.

Mafarin ilmin rikiɗa

Abin da ake nufi da rikiɗa a nan shi ne sauyin da ke aukuwa a cikin ƙwayar gado, wanda 'ya'ya da jikoki za su gada. Gregor Mendel ya bayyana ƙa'idojin gado a 1865, amma duniya ba ta kula da aikinsa ba sai a 1900. Ɗaya daga cikin waɗanda suka sake gano ƙa'idojin, Hugo de Vries na ƙasar Holan, ya wallafa littafi a kan rikiɗa daga 1901 zuwa 1903, ya kuma yi hasashen cewa wata rana mutum zai iya jawo ta da gangan. Shekara ashirin da ɗoriya ana ta gwaji da zafi da sanyi da magunguna iri iri, babu wanda ya kawo hujja mai gamsarwa.

A 1927 Hermann Muller na Jami'ar Texas a Amurka ya kawo hujjar. Ya haska wa wani ɗan ƙaramin ƙuda mai bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, sai rikiɗa ta ninka ninkin ba ninki a cikin zuriyar ƙudan. Wannan aiki ne ya jawo masa kyautar Nobel a 1946. A 1928 kuma Lewis Stadler na Jami'ar Missouri ya nuna haka a kan sha'ir da masara. Abin lura shi ne, Stadler kansa bai sa rai dabarar za ta amfani manoma ba, domin ya ga akasarin abin da ke fitowa naƙasassu ne: tsiro fari fat marar koren ganye, ko shuka juya wadda ba ta 'ya'ya.

Wasu ba su karaya ba. A tsibiran Indonesiya, zamanin mulkin Holan, an fitar da wani irin taba mai suna Chlorina a shekarun 1930, wanda ake ɗauka shi ne iri na farko da aka samu ta wannan hanya ya kai ga manoma. A ƙasar Suwidin kuma Åke Gustafsson da abokan aikinsa suka shafe shekaru suna haska sha'ir suna zaɓe, har aka fitar da iri mai suna Pallas a 1958. Shekara talatin ke nan tsakanin gwajin Stadler da wannan iri.

Yadda guba ta shiga ɗakin bincike

Tarihin sinadaran rikiɗa ya soma ne daga fagen fama. A watan Yuli na 1917 sojojin Jamus suka fara amfani da iskar gubar mastad kusa da garin Ypres a ƙasar Beljiyam, iska mai sale fata, mai makantar da ido, mai ƙona huhu. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, gwamnatin Birtaniya ta sa masana su yi nazarin wannan guba don gudun kada a sake amfani da ita. A Jami'ar Edinbura, Farfesa A. J. Clark da J. M. Robson na sashen ilmin magunguna suka lura cewa ƙunar gubar ta yi kama da ƙunar hasken eksire: ba ta warkewa da wuri, kuma tana hana ƙwayoyin jiki rabuwa. Sai tambaya ta taso, ko ita ma tana taɓa ƙwayoyin gado?

Wadda ta amsa tambayar ita ce Charlotte Auerbach, Bayahudiya haifaffiyar Jamus a 1899, wadda ta gudo Edinbura a 1933 lokacin da 'yan Nazi suka hau mulki. Ta koyi dabarun aikin ƙuda daga Muller, wanda ya yi zama a wannan jami'a gab da yaƙin. Ita da Robson suka riƙa sa ƙudaje cikin tururin gubar da kayan aiki marasa inganci, har hannuwan masu aikin suka sha ƙuna. A 1941 sakamako ya fito sarai: sinadari yana iya rikiɗa gado kamar yadda haske ke yi. Amma da yake gubar sirrin soja ce, ba a yarda an buga cikakken bayanin ba sai a 1946. A cikin wannan tsakani, a 1943, Friedrich Oehlkers na Jami'ar Freiburg a Jamus ya nuna cewa sinadarin yuretan yana karya zaren gado na tsirrai.

Mutum na uku shi ne Iosif Rapoport na Tarayyar Sobiyet. An haife shi a 1912, ya bar ɗakin bincike ya shiga soja a 1941, ya rasa ido ɗaya a yaƙi, ya dawo ya buga nasa sakamakon a 1946 ba tare da ya dogara da aikin Edinbura ba. Sai dai ya dawo a mugun lokaci. Trofim Lysenko, wanda ke da goyon bayan Stalin, yana koyar da cewa ƙwayar gado tatsuniyar 'yan jari-hujja ce. Tun a 1943 Nikolai Vavilov, babban masanin tsirrai na ƙasar, ya mutu a kurkuku. A taron Makarantar Kimiyyar Noma na watan Agustan 1948, inda aka haramta ilmin gado, Rapoport yana cikin 'yan ƙalilan da suka miƙe suka ƙi. Aka raba shi da aikinsa, aka kore shi daga jam'iyya, ya koma aikin duba duwatsu wa masu neman man fetur. Sai a 1957 ya sami komawa, a ƙarƙashin inuwar Nikolai Semyonov a Cibiyar Kimiyyar Sinadarai da ke Masko, inda ya ci gaba da gano sinadarai masu ƙarfin rikiɗa, yana raba su ga masu renon iri a duk faɗin ƙasar. Shekara tara ke nan siyasa ta cinye daga rayuwar aikin mutum ɗaya, banda abin da ƙasar ta yi asara.

Yadda sinadarin ke aiki

Gubar mastad ta yi tsanani da yawa, ba ta dace da aikin gona ba. Zuwa ƙarshen shekarun 1950 masana suka koma ga wani ɗan'uwanta mai sauƙin sarrafawa, etil-metan-salfonet, wanda ake taƙaita sunansa EMS. A farkon shekarun 1970 kuma masu bincike a Jami'ar Jihar Washington a Amurka, cikinsu har da Nilan da Kleinhofs, suka nuna ƙarfin sodiyam azaid a kan sha'ir. Waɗannan biyu su ne suka fi yawo a cikin gwaje-gwajen waken mung.

Bayan da Watson da Crick suka bayyana siffar DNA a 1953 aka fahimci abin da ke faruwa. Saƙon gado a rubuce yake da haruffa huɗu, A da T da G da C, kuma a ƙa'ida G da C ke haɗuwa, A kuma da T. EMS yakan liƙa wani ɗan ɓangarensa a jikin G, sai G ɗin ya rikice ya kama T. In ƙwayar ta rabu, inda da akwai G da C sai a sami A da T. Harafi ɗaya ya sauya ke nan. Hasken gamma da na eksire kuwa sun fi karkata ga tsinka zaren, su ɓatar da yanki ko su juya shi. Wannan ne bambancin hanyoyin biyu. Sinadari ɓarnarsa ƙanana ce amma tana da yawa, warwatse a duk tsawon zaren, kuma babu mai iya nuna masa inda zai faɗa.

Aikin a ɗakin bincike ɗan kaɗan ne. Akan jiƙa iri a ruwa na 'yan sa'o'i, sa'an nan a tsoma shi cikin ruwan EMS mai rauni, galibi ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari, na wasu sa'o'i kuma, a wanke shi sosai, a shuka da wuri. Gwargwadon da aka fi nema shi ne wanda zai kashe kusan rabin irin, domin in ya gaza haka rikiɗa ta yi kaɗan, in ya zarce kuwa ba abin da zai rayu ya yi 'ya'ya. EMS yana iya jawo ciwon daji, sodiyam azaid kuma guba ce mai kisa nan take, saboda haka ba aikin da za a yi a gida ko a gonar manomi ba ne, kuma tilas a kashe ƙarfin ragowar ruwan kafin a zubar.

Babban aikin a gona yake. Shukar da ta fito daga irin da aka jiƙa, ita ce zuriya ta farko, ba a zaɓe a cikinta, domin akasarin sababbin halaye ɓoyayyu ne, ba sa bayyana sai ɗa ya gaje su ta ɓangare biyu. A zuriya ta biyu suke fara fitowa. Nan ne mai bincike zai shuka dubban tsirrai, wani lokaci dubun dubata, ya bi su layi layi yana duba wanda ya riga nuna, ko wanda kwansonsa ya taru a sama, ko wanda cuta ta tsallake. Tsirran da suka fito farare ko rawaya su ne ma'aunin da ake gane ko maganin ya kama. Wanda aka zaɓa sai an sake shuka zuriyarsa shekara bayan shekara a tabbatar halin na gado ne, ba albarkar wuri mai taki ba, sa'an nan a gwada shi a jihohi dabam dabam tare da irin da manoma suka saba. Daga jiƙa iri zuwa fitar da sabon suna akan yi shekara takwas ko goma.

Waken mung a Indiya da Pakistan

Bayan jawabin Shugaba Eisenhower na Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1953 kan amfani da nukiliya don zaman lafiya, aka kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya a 1957. A 1964 ta haɗa sashe guda da Hukumar Abinci da Aikin Gona, suka riƙa horar da masana daga ƙasashe masu tasowa a ɗakunan bincikensu na Seibersdorf kusa da Biyana. Wannan ya sa a ƙasashen Asiya da dama renon iri ta hanyar rikiɗa ya zauna a hannun hukumomin nukiliya.

A daidai wannan lokaci buƙata ta tsananta. Sababbin ire-iren alkama da shinkafa na shekarun 1960 sun cika rumbuna, amma sun ture wake da danginsa zuwa gonaki marasa ƙarfi, furotin ya yi wa talaka tsada. A yankin Punjab, tsakanin girbin alkama a watan Afrilu da dashen shinkafa a ƙarshen Yuni zuwa Yuli, gona takan zauna banza wajen wata biyu. Da za a sami waken mung mai nuna cikin kwana 60 zuwa 65, gaba ɗaya, wanda kuma cutar rawaya ba ta kamawa, da ya shige wannan giɓi ba tare da ya ƙwace gonar kowa ba. Manufar masu renon iri ke nan.

A Indiya an bi hanyoyin biyu. Da hasken gamma aka sami Co-4 a Coimbatore a 1981, da Pant Moong-2 a Pantnagar a 1982, da TAP-7 daga Cibiyar Nukiliya ta Bhabha da ke Trombay a 1983. Wannan cibiya ta ci gaba da fitar da jerin ire-iren TARM masu jure cutar da ke zuba wa ganye farin gari. Ta hanyar EMS kuma an fitar da MUM-2 daga Meerut da BM-4 daga Badnapur, dukansu a 1992. Jami'o'in Indiya sun yi gwajin EMS da sodiyam azaid a kan waken mung ba adadi, ɗalibai da yawa sun sami digiri a kai, mujallu sun cika da jadawalin tsiro da tsawon saiwa da yawan farin ganye. Amma akasarin waɗannan ayyuka sun tsaya a zuriya ta biyu ko ta uku, watau daidai inda wa'adin digiri ya ƙare, tun ba a kai ga gwajin gona ba.

A Pakistan al'amarin ya ɗauki wani salo. An buɗe Cibiyar Nukiliya ta Aikin Gona da Ilmin Halittu a Faisalabad a 1972, ta fitar da irin waken mung na farko, NM-28, a 1983, wasu kuma suka biyo baya. Waɗannan sun fi tsofaffin saurin nuna da jure cuta, amma ƙwayarsu ƙanana ce. Can a tsibirin Taiwan kuwa akwai Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Asiya, wadda aka kafa a 1971, yanzu ake kiranta Cibiyar Kayan Lambu ta Duniya. Ita ta tara dubban ire-iren waken mung daga ƙasashe, ta reni masu manyan ƙwaya da nuna gaba ɗaya. Sai dai da an kawo su kudancin Asiya cutar rawaya ke gamawa da su, domin ba a rene su a inda cutar take ba. Kowane ɓangare yana riƙe da rabin maganin.

Masanan Faisalabad suka haɗa auren ire-iren gida da na Taiwan, a wasu lokutan suka haska 'ya'yan auren da gamma, suka shuka zuriyar a inda cutar ta fi tsanani, suka bar ta ta yi musu tankaɗe. Daga nan NM-51 da NM-54 suka fito a 1990, sa'an nan NM-92 a 1996, mai manyan ƙwaya, mai saurin nuna, mai jure cutar. Manoman gundumomin Bhakkar da Layyah da Mianwali, inda aka fi noma waken mung a ƙasar, suka karɓe shi. Bai tsaya nan ba. Ta hannun cibiyar Taiwan NM-92 da ɗan'uwansa NM-94 suka shiga maƙwabta. A Indiya aka zaɓi Pusa Vishal daga NM-92, Jami'ar Aikin Gona ta Punjab kuma ta zaɓi SML 668 daga NM-94 ta fitar a 2002. Ƙasashe biyu da suka gwabza yaƙi fiye da sau ɗaya, ga iri ya ratsa tsakaninsu ta hanyar cibiya ta uku.

Awon riba

Hukumomin nan biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya suna da kundin ire-iren da aka samu ta hanyar rikiɗa, wanda ya ƙunshi fiye da 3,000 daga shukoki sama da 200. A cikinsu na sinadarai ba su wuce kusan ɗaya cikin goma ba, sauran akasari na haske ne. Dalilan a bayyane suke. Busasshen iri ana iya aika shi ta gidan waya a haska a dawo da shi, amma wanda aka jiƙa da sinadari sai an shuka shi da gaggawa, kuma shigar maganin cikin ƙwaya takan bambanta gwargwadon kaurin ɓawo da zafin ruwa. Bayan haka, kuɗi da horo sun fi kwarara ta wajen hukumomin nukiliya.

Duk da haka sinadarai sun yi abin a zo a gani. A 1966 aka fitar da sha'ir mai suna Luther a Amurka daga dayetil salfet. A 1976 Soldatov na Krasnodar a Tarayyar Sobiyet ya bayyana irin sanfulawa mai suna Pervenets, wanda aka samu da daimetil salfet, mai man da ba ya saurin lalacewa a wuta, kuma daga gare shi ire-iren wannan mai suka yaɗu a duniya. Ya kamata kuma a tuna cewa ba kowane hali ake nema ta rikiɗa ba. Juriyar ƙwaron da ke huda waken mung a rumbu, alal misali, an same ta a jikin wani ɗan'uwansa na daji da aka tsinto a tsibirin Madagaska. Mai hankali yakan fara duba taskar iri tukuna, in abin da yake nema babu shi sa'an nan ya ɗauko kwalbar guba.

A ƙarni na 21 EMS ya sake samun daraja. A 2000 masana a birnin Seattle na Amurka suka fito da dabarar da ake kira TILLING, wadda ke ba da damar a duba DNA na dubban tsirran da aka rikiɗa, a gano wanda harafinsa ya sauya a ƙwayar gadon da ake so, tun ba a ga alama a ganye ba. A 2014 masana a ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Ƙasa ta Seoul a Koriya ta Kudu suka karanta saƙon gadon waken mung, a 2016 kuma aka kafa ƙungiyar haɗin gwiwar ƙasashe don kyautata shi, da tallafin Ostiraliya. Tun 2012 akwai dabarar CRISPR, wadda ke iya sauya harafin da aka nufa kai tsaye. Amma tsohuwar hanya tana da arha, kuma ba ta sa wata baƙuwar ƙwayar gado a cikin shuka. A 2018 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa ire-iren da aka samu ta tsofaffin hanyoyin rikiɗa, waɗanda aka daɗe ana amfani da su lami lafiya, ba sa cikin tsauraran dokokin da suka hau kan shukokin da aka yi wa dashen gado.

Kammalawa

Tarihin nan ya shafi Afirka ta fuskar dangantaka, domin abin da aka yi wa waken mung ana yi wa ɗan'uwansa. Ƙasashen Namibiya da Zambiya da Zimbabuwe sun fitar da ire-iren wake ta hanyar haske da taimakon hukumomin nan biyu. A Nijeriya kuwa akasarin ire-iren da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da cibiyar IITA ta Ibadan suka fitar ta hanyar aure da zaɓe aka same su, SAMPEA 20-T na 2019 kuma ta dashen gado. Hanyoyi uku ne mabambanta, bai kamata a cuɗa su ba in ana muhawara.

Ga ɗalibi, darasin shi ne jiƙa iri a cikin sinadari aikin yini ɗaya ne, ƙirga farin tsiro kuma aikin wata ɗaya. Wanda ya tsaya nan ya auna ƙarfin guba ne, bai reni iri ba tukuna. Ga ma'aikacin gwamnati mai tsara kasafi kuwa, lissafin shekarun ya ishe shi. Shekara 11 Faisalabad ta yi kafin ta fitar da irin waken mung na farko, shekara 24 kafin NM-92. Da an yanke mata kuɗi a shekara ta biyar don ba a ga sakamako ba, ko an canza wa masu aikin wuri kamar yadda akan yi wa ma'aikata, da zuriyar da ke gona ta salwanta, an koma farko. Da kuma an hana iri fita ko shigowa ta kan iyaka, da rabin maganin ya zauna a Taiwan, rabi a Punjab. Hausawa sun ce mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. A aikin renon iri haƙurin mutum ɗaya ba ya isa, sai hukumar da ke biyansa ta yi haƙuri tare da shi, ta riƙe gonar gwaji da taskar iri da ma'aikatan da suka san layukan, daga gwamnati zuwa gwamnati, har zuriya ta takwas ta kai hannun manomi.